Wai kalmar trophy kofi kawai take nufi?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu Turanci ku warware min wani abu da ya ɗaure min kai tun jiya. Ni dai tun tasowata in na ji an ce trophy to kofi na sani, irin wanda ake ɗagawa in an ci gasar ƙwallo. To jiya ni da yarona muna karanta wani tsohon labari na zakin nan Cecil da wani Ba'amurke likitan haƙori ya kashe a Zimbabwe a 2015, sai muka ga ana ta kiran mutumin trophy hunter, wai kan zakin da fatarsa su ne trophy ɗin. Yaron ya ce Baba to ina kofin yake, wallahi na rasa amsar da zan ba shi. Ina haɗin kan zaki da kofi?

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Ai kofi ne kawai malam, ƙila akwai kofin da ake ba wanda ya fi kowa harbi.

Malam Habu Tica:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. A'a Abban Sadiq, babu wani kofi a maganar. Ɗan Fagge tambayarka ta yi kyau ƙwarai, kuma gaskiyar magana kan zakin nan ya fi kusa da asalin kalmar a kan kofin ƙwallo, kofin ne baƙo daga baya ya shigo. Bari in ɗauko ta daga tushe, ku yi haƙuri zan ɗan yi tsawo.

Kalmar ta Girkawa ce, tropaion, ita kuma daga trope ta fito, ma'anarta juyawa. A yaƙin Girkawan dā runduna biyu ne ke yin sahu kafaɗa da kafaɗa da garkuwa da mashi su gwabza, to duk inda sahun ɗaya ya karye mutanensa suka juya baya suka ranta a na kare, wannan wurin shi ne trope, wato inda aka juya. Waɗanda suka yi nasara sai su sami kututturen itace su kafa shi daidai wurin, su gicciya masa wani itacen kamar kafaɗu, su rataya masa hular ƙarfe da sulke da garkuwa da mashin da suka tuɓe daga gawarwakin abokan gaba, in ka hango daga nesa sai ka ce mutum ne a tsaye da kayan yaƙi. Wannan kututturen shi ne trophy na farko a duniya. Daga nan Rumawa suka ara suka ce tropaeum, Faransawa suka mai da shi trophée, Turawan Ingila suka karɓa daga wurinsu a farkon ƙarni na 16, kuma a lokacin ma kayan yaƙin da aka ƙwato suke nufi ba wasa ba.

Ɗan Fagge:
Ikon Allah. Wato dai alama ce ta "a nan suka gudu"?

Malam Habu Tica:
Shi ke nan ka gama magana. A nan suka juya. Kuma ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu, don wanda ya kafa shi shi ne ke riƙe da fili, wanda aka ci kuma dole ya aiko manzo ya roƙi izinin kwashe gawarwakinsa, wannan roƙon shi ne amsa cewa an ci shi. Marubucin tarihinsu Thucydides ya kawo wani yaƙin ruwa da aka yi a Sybota shekara 433 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) tsakanin mutanen Korinti da na Kerkira, aka tashi kowane ɓangare ya je ya kafa nasa yana cewa shi ya ci. In yaƙin jiragen ruwa ne kuma hancin jirgin abokan gaba suke cirowa su kafa a bakin gaɓa.

Ustaz Nura:
Malam Habu in haka ne ai mu ma muna da kalmar, ganima ke nan. Kayan da aka ƙwato a fagen fama. Me ya sa 'yan jarida ba za su riƙa cewa ganima ba.

Malam Habu Tica:
Allah ya gafarta malam, sun yi kusa amma ba ɗaya ba ne, kai ma ka fi ni sanin wannan. Ganima dukiya ce, rabawa ake yi a ci a amfana.

Ustaz Nura:
Haka ne kam, kalmar ma Larabci ce muka ara, kuma hukuncinta na cikin Suratul Anfal, a cire humusi wato kashi ɗaya cikin biyar sauran a raba wa mayaƙa. Raƙumi ne a hau, takobi ne a yi yaƙi da shi. Na gane bambancin, shi wancan ba don amfani ake ajiye shi ba sai don a gani. Amma fa akwai abin da ban ji daɗinsa ba, na taɓa karanta cewa wa gunkinsu Zeus suke keɓe itacen nan. To yanzu yaranmu a makarantun Islamiyya in an yi musabaƙa sai ka ji ana trophy trophy, ashe kalmar da tushenta cikin bautar gumaka.

Maman Iklima:
Ustaz ni kam ban ga abin damuwa a nan ba. Janairu fa daga sunan gunkin Rumawa Janus aka samo shi, Maris daga Mars gunkinsu na yaƙi, kuma kullum muna rubuta su a takardun makaranta da na asibiti ba wanda ya ƙudurce komai a ransa. Kalma in ta yi tafiyar shekara dubu biyu da ɗoriya ai ta bar kayan da ta taso da su a hanya. Iklima ta ci na ɗaya a gasar kacici-kacici bara aka ba ta wani katako mai faranti a jiki da sunanta, malaminsu ya ce trophy ne, ni a lokacin har na ce a raina sun yi mana rowar kofi, yanzu ne na fahimci ashe bai yi kuskure ba.

Ustaz Nura:
Hajiya ban ce haramun ba ne, kar a fahimce ni ba daidai ba. Cewa na yi in muna da tamu kalmar gara mu riƙe ta. Barakallahu ga Iklima, Allah ya ƙara basira.

Maman Iklima:
Amin ya Allah, na gode.

Gwanin Pillars:
Ni fa duk wannan tarihin na ji kuma na ƙaru, amma kofi kofi ne. Ranar da Pillars ta ci kofin Aiteo a Kaduna a 2019 ina cikin filin Ahmadu Bello, aka je bugun fenareti da Niger Tornadoes, da aka gama ba wanda ya ce mun ɗau ganima ko mun ɗau alama, kowa kofi yake cewa har muka iso Kano. Hausa ta riga ta karɓi kofi, an wuce wurin.

Sadiya Lagos Street:
Yaya Gwani to ai kofin ma ba Hausa ba ce, cup ne muka lanƙwasa. Sannan ka duba da kyau, abin da ake kira Kofin Duniya yanzu ko cokali ɗaya na ruwa ba za ka iya zuba masa ba, mutum biyu ne suka ɗaga duniya a sama, wani ɗan Italiya Silvio Gazzaniga ya zana shi aka fara ba da shi a 1974, zinare ne mai karat 18 nauyinsa ya ɗan haura kilo 6, kuma ƙasar da ta ci ma ba a bar mata shi, kwafi ake ba ta mai ruwan zinare. Na Bundesliga faranti ne. Na matan gasar tanis ta Wimbledon faranti ne. Community Shield garkuwa ce kai tsaye. Duk Bature zai ce musu trophy amma waɗannan ukun ba zai ce musu cup ba, mu kuma mun haɗe su duka mun ce kofi, shi ya sa Ɗan Fagge ya rikice da ya ga zaki.

Gwanin Pillars:
To amma na farkon ai kofi ne ko?

Sadiya Lagos Street:
Na Jules Rimet kake nufi, shi siffar mace ce mai fukafukai, Nike, wadda Girkawa suka ɗauka ita ce mai ba da nasara, ta ɗaga wani ɗan mazubi a kanta, to shi kam akwai kofi a jikinsa. An sace shi a Landan a watan Maris 1966 wajen wani baje kolin kan sarki, bayan mako guda wani kare mai suna Pickles ya tono shi a naɗe cikin jarida a gindin shinge. Brazil ta ci shi karo na uku a 1970 aka bar mata shi dungurungum, sai a 1983 aka sake sace shi a Rio, har yau ba a gan shi ba.

Gwanin Pillars:
Kai wannan abin takaici ne wallahi, kofin da Pele ya ɗaga.

Ɗan Tawa:
Salamu alaikum jama'a, ku gafarce ni na shigo a makare. Ni abin da Malam Habu ya faɗi ya sa ni tunanin kokowa tamu ta nan Nijar. Mu ai ba kofi aka baiwa ba, takobi ne. Tun da anka fara gasar ƙasa a nan Tawa a 1975 wanda ya kada kowa takobi aka miƙa mai, jaha takwas kowace ta kawo 'yan kokowa goma, a yi ta karawa har a samu sarki. In ka ji an ce Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi kowa ya san abin da aka nufi, ba mai cewa ya ɗauki kofi. Kun ga makami ne, kamar dai na Girkawan can. Kuma a kokowa ma da bayan mutum ko gwiwa tai ta taɓa ƙasa an gama.

Malam Habu Tica:
Madalla Ɗan Tawa, wannan misalin ya fi duk wanda na kawo. Bambancin kawai shi takobin ba daga hannun wanda aka kayar aka ƙwace shi ba, hukuma ce ta tanade shi ta ajiye. Kuma nan ne ma'anar ta karkata a Turanci ma. Da farko abin da ka ƙwato daga wanda ka ci, sai maharba suka ara, kan barewa ko ƙahon ɓauna ko fatar damisa da ake kafewa a bango shi ma abin da ka tuɓe ne daga wanda ka kayar, wannan shi ne na zakinka Ɗan Fagge. Sai daga baya aka zo ga abin da wani na uku ya ƙera ya ajiye ya ce wanda ya ci ya ɗauka. Su Girkawan ma ba su haɗa biyun ba, a wasannin Olimfiya kambin ganyen zaitun ake ɗora wa mutum a ka, a na Atina kuma tuluna cike da man zaitun, ba su kira su tropaion ba, wannan ta yaƙi ce zalla.

Baba Maharbi:
Mahaifina Allah ya jiƙansa maharbi ne a dajin Falgore, a zaurenmu akwai ƙahon gwanki da fatar kura a rataye har na girma ina ganinsu, duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya shi kuma ya ba da labarin ranar. Amma naman an ci, an raba wa maƙwabta, kurar kuma ta addabi garken mutane ne aka kira shi. Shi wannan da zai biya dubban daloli ya hau jirgi ya zo ya kashe zakin da bai yi masa komai ba don kawai ya kafe kai a falonsa, ni ban kira shi maharbi ba, kuma raina na ɓaci duk lokacin da na ga hotunan nan suna murmushi a kan gawar dabba.

Ɗan Fagge:
Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Wallahi ni ma abin da ya sosa min rai ke nan a labarin.

Maman Iklima:
Tunda ana maganar abin kafewa a falo, akwai wata da ta fi ci min rai, trophy wife. Attajiri ya tsufa ya nemo yarinya kyakkyawa ba don ya zauna da ita a matsayin abokiyar rayuwa ba sai don ya riƙa shiga taro da ita a ce kai wane ya isa. Da ban san asalin kalmar ba ina ɗauka yabo ne, kamar a ce mace ce mai daraja kamar kofin zinare, yanzu da Malam Habu ya yi bayani na ga ashe an jera ta ne da sulken gawa da kan barewa. Kuma kar mu ce halin Turawa ne kawai, mun sha gani a bukukuwanmu.

Sadiya Lagos Street:
Gaskiya ne Anti. Zagi ne ga matar da mijin duka.

Auwal Injiniya:
Malam tambaya, atrophy da muke ji a asibiti in tsoka ta shanye, da hypertrophy na masu ɗaga ƙarfe, su ma daga nan suke? Don na ga ƙarshensu trophy ne sak.

Malam Habu Tica:
A'a Auwal, kama da wane ba ta wane. Waɗannan daga trophe suke, ciyarwa ko abinci, atrophy wato tsokar da ba ta samun ci ta rame. Rubutu ne kawai ya haɗa su, shi ma don marubutan Latin na baya sun cusa h a tropaeum ta koma trophaeum, a Girkanci babu ita, p ce zalla. 'Yan uwanta na jini su ne irin su tropic. Ka san rana tana tafiya arewa har wajen 21 ga Yuni sai ta tsaya ta juyo kudu, layin da take juyawa a kansa shi ne Tropic of Cancer, kusan digiri 23 da rabi arewa da tsakiyar duniya, ya ratsa ta tsakanin Makka da Madina ma. To mu da ake ce mana 'yan tropics ma'anarsa muna zaune tsakanin wuraren juyawar rana biyu. Juyawar rana da juyawar maƙiyi, kalma ɗaya.

Auwal Injiniya:
Kai wannan ya burge ni, entropy na darasin fizis da muka sha wahalarsa a aji biyu ma ashe gidansu ɗaya.

Malam Habu Tica:
Gidansu ɗaya. Amma bari in faɗi abin da ni ya fi taɓa ni a duk tarihin nan, shi ya sa ma nake son kalmar. Da gangan suke yin sa da itace. Al'adarsu ita ce wanda aka ci ba zai tumɓuke shi ba, wanda ya ci kuma ba zai gyara shi ba, a bar shi rana da ruwa da gara su cinye shi. Marubucin tarihi Diodorus ɗan Sisili ya kawo dalilin a bakin wani dattijo na Sirakus, cewa kakanninsu sun zaɓi itace a kan dutse ne don alamar gaba ta yi saurin gushewa, tunda yau kai ka ci gobe kai za a ci kuma dukkanku yare ɗaya kuke yi. Har Cicero marubucin Rumawa ya ambaci ƙarar da aka kai mutanen Thebes don sun kafa na tagulla bayan sun ci Sparta, yaƙin Leuctra ke nan na shekara 371 kafin Annabi Isa (AS), laifinsu shi ne sun dawwamar da gaba tsakanin Girkawa. Ni ina ganin akwai hankali a wannan ƙwarai.

Barista Kabiru:
Malam a nan kam ban bi ka ba gaba ɗaya. Su Girkawan da kake yabo ai sun kafa na farin dutse a Marathon bayan sun ci Farisawa a 490 kafin Annabi Isa (AS), wato sassaucin tsakaninsu ne kawai, in baƙo ne sai a sassaƙa dutse. Rumawa kuwa ba su ma ɓoye ba, na sarkinsu Augustus da aka gina a La Turbie saman Monaco har yau yana tsaye da sunayen ƙabilu 45 na tsaunukan Alps da ya murƙushe, na sarkinsu Trajan kuma an gina shi a Adamclisi a Romaniya a shekara ta 109 bayan Annabi Isa (AS). Kuma Turawan da suka zo mana Rumawa suka gada ba masu itace ba. Kayan tagullar Benin da aka kwashe a 1897 da yawansu suna gidajen tarihin Turai, zinaren Asante da aka ɗebe a Kumasi a 1874 sai a 2024 aka dawo da wasu, na gidajen tarihin Ingila ma wai aro aka ba masu shi. Rabeh da Faransawa suka kashe a Kusuri a 1900 kansa suka yanke suka tsire aka ɗauki hoto. Wannan duk trophy ne da ma'anarsa ta asali, kuma ba wanda ya bar shi ya ruɓe.

Malam Habu Tica:
Ban musa ko ɗaya ba Barista, gyaranka daidai ne, na Marathon dutse ne. Abin da na ce kawai tunanin barin sa ya ruɓe tunani ne mai kyau ko da masu shi ba su cika shi ga kowa ba.

Barista Kabiru:
To a nan mun haɗu. Amma ni in ana maganar wanda aka ci ne ban yarda a manta ba, mai nasara ne ya kamata ya sauke alamarsa, ba a ce wa wanda aka kwashe wa kaya ya yi haƙuri ya manta ba.

Bakatsine a Sakkwato:
Barista ka tuna min da tutar Sarkin Musulmi Attahiru. Da anka yi yaƙin Burmi a 1903 ya yi shahada, Turawa sunka tafi da tutar Ingila, sai a 1960 anka maido ta hannun Sarkin Musulmi Abubakar na uku. Su a wurinsu trophy ce, mu a wurinmu amana ce ta mutanen da sunka faɗi a gindinta ba su juya ba.

Ɗan Fagge:
Allahu akbar. Allah ya jiƙansu. To yanzu dan Allah a taƙaice me zan ce wa yaro in ya dawo daga makaranta, wace kalma ɗaya ce ta Hausa?

Gwanin Pillars:
Kofi.

Ustaz Nura:
Ni kambu na fi so, ai muna cewa ya kare kambunsa.

Sadiya Lagos Street:
Kambu ya fi kusa da matsayin zakara Ustaz, ba abin da ake ɗagawa ba, ba za ka ce kan zaki kambu ne ba.

Malam Habu Tica:
Kalma ɗaya ba za ta ɗauke su duka ba Ɗan Fagge, sai ka duba wurin. In ƙwallo ce kofi, in kokowar Nijar ce takobi, in makaranta ce lambar yabo ko kyauta, in kayan Benin ne ganimar yaƙi da aka ajiye don nunawa. Na zakin kuma ka ce masa mutumin yana farauta ne don ya sami kai ko fata ya kafe a bango a san shi ya kashe.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai Malam, Allah ya ƙara ilimi, na gode muku duka. Bari in sa shi ya zana itacen nan da garkuwa da hular a littafinsa, yana son zane. Malam garkuwar tasu zagayayya ce ko mai kusurwa?

Malam Habu Tica:
Zagayayya ce babba, katako ne aka lulluɓe fuskarsa da tagulla, faɗinta ya kusa mita ɗaya. Ya rataya ta a hannun hagu na itacen.